Daga Jidda zuwa Dawce: Ina ake zubar da gishirin da aka cire daga ruwan teku?

Duk alhajin da ya buɗe famfo a masaukinsa na Makka ko Jidda, akasarin ruwan da ya yi alwala da shi daga Bahar Maliya aka ɗebo shi. An cire masa gishiri a manyan matatu irin na Shu'aiba da ke kudu da Jidda, sannan aka turo shi ta bututu. Haka abin yake ga ɗan ci-ranin da ke zaune a Aljiyas ko Oran, da mai fataucin da ke sauka a Dubai. Dubban Hausawa suna shan ruwan teku kullum ba tare da sun sani ba.

Ƙaramar hukumar Dawce, da ke gundumar Kance mai hedikwata a Matamaye a jihar Damagaram, tana nesa da gaɓar teku mafi kusa da kimanin kilomita 900. Duk da haka maganar ta shafe ta. Gundumar Kance na cikin yankunan Nijar da suka fi fitar da 'yan ci-rani zuwa Aljeriya, ƙasar da ke cikin na gaba-gaba a Afirka wajen tace ruwan teku. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma galibinsu daga wannan yanki suka fito. Mutanen Kance sun san darajar ruwa fiye da yadda za a gaya musu.

Dalili na biyu shi ne na'urar da ke tace ruwan teku ta riga ta iso ƙasar Hausa a ƙaramin jiki. Ita ce ake gani a masana'antun fiya wata da dama, kuma ita ce ake tallata wa ƙungiyoyin 'yan ci-rani masu son gina wa garinsu rijiyar burtsatse idan ruwan ya fito da zartsi. Tambayar da masunta ke yi a Dakar ita ce mai lambu zai yi a kwarin Korama: idan an raba ruwa da gishiri, ina gishirin zai tafi?

Yadda ake raba ruwa da gishiri

A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. A Bahar Maliya yakan kai 40, a Tekun Fasha ma ya ɗara haka. Ruwan sha kuwa, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da daɗi ne idan abin da ya narke a cikinsa bai wuce miligiram 600 a lita ba, kuma da zarar ya haura giram ɗaya sai harshe ya fara ƙin sa.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a tafasa ruwan, a tara tururin, ya huce ya koma ruwa mai daɗi. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai da gas sun daɗe a kanta saboda tana cin wuta sosai. Ta biyu, wadda masana ke taƙaita sunanta da RO, ita ce a matse ruwan da ƙarfin injin ta cikin wata irin rariya mai ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Kusan duk sababbin matatu wannan hanya suke bi.

Sai dai ba dukkan ruwan ne ke wucewa ba. Idan aka ɗebo lita 100 daga teku, abin da ake samu na sha yakan tsaya tsakanin lita 40 zuwa 50. Sauran ya fito da kusan ninki biyu na gishirin da ya shiga da shi. Wannan ragowar ruwan gishiri ita ce babbar matsalar da duk wani binciken tasiri ga muhalli ke fara dubawa.

Wani bincike da masana na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka jagoranta, wanda aka wallafa a farkon 2019, ya ƙirga matatu kusan 16,000 a duniya. A lokacin suna samar da tataccen ruwa kubik mita miliyan 95 a rana, suna kuma fitar da ragowar ruwan gishiri kubik mita miliyan 142. Wato kowace lita ɗaya ta sha tana barin lita ɗaya da rabi ta ragowa. Ƙasashe huɗu, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait da Katar, su ke fitar da kashi 55 cikin 100 na wannan ragowa a lokacin. Ga mai son kwatance, kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, daidai da jarka 40 masu cin lita 25.

Abubuwa huɗu da masu bincike ke aunawa

Na farko shi ne bakin bututun da ke zuƙo ruwa. Manyan kifaye kan maƙale a jikin raga, ƙwan kifi da ƙananan halittun da kifi ke ci kuma su shige ciki su mutu. Maganin da aka sani shi ne a rage saurin zuƙar, a sa raga mai ƙananan ƙofofi, ko a haƙa rijiyoyi a bakin teku domin yashi ya fara tace ruwan kafin ya isa injin.

Na biyu shi ne inda ragowar ke fita. Tun da ta fi ruwan teku nauyi, ƙasa take nutsewa ta shimfiɗu, ta rage iskar da halittun ƙasan teku ke shaƙa. A Bahar Rum akwai wata ciyawar ƙarƙashin ruwa da kifaye ke hayayyafa a cikinta, wadda bincike a gaɓar Sifaniya ya nuna ƙarin gishiri kaɗan ma yana cutar da ita. Shi ya sa matatun zamani ke sa bututu mai kawuna da yawa da ke fesa ragowar sama da ƙarfi domin ta gauraye da sauri. Dokar jihar Kaliforniya ta Amurka ta 2015 ta ce a tazarar mita 100 daga bakin bututun, kada gishirin ya ɗara na asali da fiye da giram 2 a lita.

Na uku shi ne sinadarai. Ana zuba kilorin don hana gansakuka da ƙananan halittu toshe bututu, ana zuba wasu don hana gishiri daskarewa a jikin rariya, ana kuma wanke rariyar lokaci-lokaci. Matatun da ke tafasa ruwa suna ƙara fitar da ruwa mai ɗumi da ɓurɓushin tagulla. Duk wannan a teku yake ƙarewa idan ba a yi masa tanadi ba.

Na huɗu shi ne lantarki. Tace kubik mita ɗaya na ruwan teku ta hanyar RO yana cin yunit 3 zuwa 4 na wuta. Matatar da ke samar da kubik mita 50,000 a rana tana bukatar kimanin megawat 7 dare da rana. Idan da gas ko baƙin mai ake samar da wutar, hayaƙin yana ƙara ɗumamar yanayin da ke cikin abubuwan da suka jawo ƙarancin ruwan tun farko. Matatar Perth ta Ostireliya, da ta fara aiki a 2006, ta yi suna saboda an haɗa ta da tashar samar da wuta daga iska.

Sakamakon binciken ya danganta da wuri. A watan Mayun 2022 hukumar kula da gaɓar teku ta Kaliforniya ta ƙi amincewa da matatar Huntington Beach ta dala biliyan 1.4, bayan fiye da shekara 20 ana jayayya, saboda illar da za ta yi wa halittun ruwa da haɗarin hauhawar teku. A Sidni kuwa, masana da suka bi diddigin matatar birnin na tsawon shekaru sun tarar kifaye sun ƙaru a kusa da bututun fesa ragowar. Bambancin ya ta'allaƙa ne ga zurfin ruwa, ƙarfin igiya da yadda aka tsara bututun.

Abin da ya faru a Dakar da Akara

Dakar na samun kaso mai yawa na ruwanta daga tafkin Guiers, mai nisan kusan kilomita 250. A Satumban 2013 wani babban bututu ya fashe a tashar Keur Momar Sarr, unguwanni da dama suka yi makonni babu ruwa. Wannan na cikin abin da ya sa gwamnati ta juya ga teku. A ranar 31 ga Mayun 2022 shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya ƙaddamar da aikin matatar Mamelles a unguwar Ouakam, da bashin hukumar JICA ta Japan. An tsara ta samar da kubik mita 50,000 a rana, da damar ninkawa zuwa 100,000.

Masuntan Lebu na Ouakam da masu fafutukar kare muhalli sun nuna damuwa tun farko. Wurin na cikin 'yan gaɓoɓin da suka rage wa talakawan birnin, kuma kamun kifi ne abincin gidaje da yawa. Hukumomi sun ce igiyar Atlantika za ta watsa ragowar. Wanda ya fi gaskiya a cikinsu, awon ruwa na shekaru ne kawai zai nuna shi, shi ya sa ake so binciken muhalli ya fara da auna yadda wuri yake kafin a kafa tubali.

A Maris ɗin 2024, dab da ƙarewar mulkin Sall, Senegal ta sa hannu da kamfanin ACWA Power na Saudiyya a kan wata matata mafi girma, mai kubik mita 400,000 a rana. A watan Yulin shekarar, ministan ruwa na sabuwar gwamnati, Cheikh Tidiane Dièye, ya sanar da soke yarjejeniyar, yana mai kafa hujja da tsadar ruwan da kuma batun binciken muhalli. Sai a 2025 ɓangarorin biyu suka sake zama suka ƙulla sabuwa.

A Gana kuɗi ne ya kawo cikas. Matatar Teshie-Nungua da ke gabashin Akara, mai kubik mita 60,000 a rana, an buɗe ta a Afrilun 2015. Kamfanin ruwa na gwamnati ya tarar yana sayen ruwan da tsada fiye da yadda doka ta ba shi damar sayarwa, ga kuma kuɗin wuta a wuyansa. A farkon Janairun 2018 aka rufe ta domin sake duba yarjejeniyar, kafin daga baya ta koma aiki. Mazauna unguwannin da aka yi dominsu su suka koma neman ruwan tanka a tsakanin.

Aljeriya ta fi kowa zurfafawa a wannan hanya a yankin. Matatar Hamma ta birnin Aljiyas ta fara aiki a 2008 da kubik mita 200,000 a rana, ta Magtaa kusa da Oran an gina ta don 500,000, kuma a 2025 ƙasar ta ƙaddamar da sababbin manyan matatu masu 300,000 kowace. Wanda ya tsaya a Tamanrasset ma bai tsira daga lamarin ba. Ruwan garin daga In Salah ake turo shi, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750 da aka buɗe a 2011, kuma saboda zartsinsa sai da aka ƙara masa matatar rage gishiri a tsakiyar Sahara, inda babu tekun da za a juye ragowa.

Inda babu teku

Wannan misali na In Salah shi ya fi kama da halin ƙasar Hausa. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasarsa kaɗan ne, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da masana tarihi ke ambata na mayar da babban birnin Nijar zuwa Yamai a 1926. Har yau daga wajen gari ake jawo masa ruwa, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Aroungouza da Ganaram, kuma duk bazara 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da unguwanni da yawa.

Kudancin jihar ya fi sa'a. A kwarin Korama ruwa na kusa, shi ya sa rake da kayan lambu ke fita daga yankin Matamaye zuwa kasuwannin Nijar da na Najeriya ta iyakar Ɗan Barto. Amma kusancin ruwan na da nasa haɗari. A wasu kwaruruka rana kan busar da ruwa ta bar kanwa fara fat a saman ƙasa, kuma manomi ya san wurin da kanwa ta hau ya fita daga lissafin noma. Duk gishirin da aka zubar a irin wannan ƙasa ba ya nisa kafin ya sadu da ruwan rijiyar maƙwabci.

A ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar 'yan gari ta sayi na'urar RO mai samar da lita 10,000 a rana, daga rijiyar da ke da gishiri giram 3 a lita, kuma na'urar tana tsamo kashi 60 cikin 100. Za ta zuƙo kusan lita 16,700, ta zubar da kusan 6,700. A cikin abin da ta zubar akwai gishiri kimanin kilo 50, wato buhu guda kullum, fiye da tan 18 a shekara. Idan a kwata ko bayan katanga ake sakin ruwan, wannan gishiri a ƙasar garin zai zauna. Kuma rijiyar tana ba da lita 16,700 ne ana amfana da 10,000, abin da ya kamata a sa a lissafi a wurin da ruwan ƙasa ke ja da baya lokacin rani.

Akwai mafita, kuma ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijar. A Bilma da Fachi da Tegidda n Tesemt, da kwarin Fogha, an yi ɗaruruwan shekaru ana raba gishiri da ruwa, ko dai a bar rana ta busar da shi a ƙananan tafkuna ko a dafa shi. Tafkin busarwa da aka shimfiɗa wa leda mai kauri ko aka dandaɓe da siminti yana hana ragowar tsiyayewa cikin ƙasa. Idan gishirin kaɗan ne, ana iya amfani da ita wajen wanke-wanke ko ban-ruwan itatuwan da ke jure zartsi, irin su dabino. Amma kafin a ba dabba ko a kai wa shuka, dole a auna abin da ke cikinta, domin na'urar tana tara duk abin da ta cire a wuri guda.

Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun ga abin da rashin awo ke jawowa. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Ruwan garau yake a ido, ba shi da wari. Na'urar RO na iya cire fulorayid, amma ragowar da za ta fitar daga irin wannan rijiya ta fi ruwan asali guba.

Sai batun wuta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana. Na'urar da ta dogara da layin wuta ko janareto takan tsaya a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Tace ruwan zartsi bai kai na teku cin wuta ba, don haka faifan sola na iya ɗaukar ƙaramar na'ura, muddin an tanadi kuɗin canza rariya duk bayan 'yan shekaru da wanda ya iya gyara a kusa.

Abin da doka ta ce da abin da za a tambaya

Nijar na da dokokin da suka shafi wannan. Akwai doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998 kan kula da muhalli, da kundin dokar ruwa na 2010, da doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 da ta shimfiɗa ƙa'idojin binciken tasiri ga muhalli, wanda ofishin BNEE ke sa wa ido. A Najeriya dokar da ta wajabta irin wannan bincike ta 1992 ce. Dukkansu sun tanadi a saurari jama'ar da aiki zai shafa. A aikace, rahoton kan fito da Faransanci ko Turanci, mai ɗaruruwan shafuka, a ajiye shi a ofis a babban birni, mai lambun da ruwan zai ratsa ta gonarsa bai taɓa jin labarinsa ba.

Ga matasan da ke tara kuɗi a zaurukan WhatsApp don aikin ruwa a garinsu, ko waɗanda aka gayyata taron jin ra'ayi kan wani babban aiki, tambayoyin ba su da wuya. An kai ruwan ɗakin awo kafin a sayi na'ura, kuma ina takardar sakamakon? Lita nawa za a zuƙa, lita nawa za a zubar? Ina ragowar za ta tafi, kuma rijiyar wa da gonar wa ke ƙasa da wurin? Wa zai riƙa auna rijiyoyin maƙwabta bayan an fara aiki, sau nawa a shekara? Nawa jarka za ta kama idan an haɗa kuɗin wuta da na gyara? Za a mayar wa ruwan da ma'adanan da jiki ke bukata, tun da na'urar tana kwashe mai amfani da marar amfani baki ɗaya?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ko akwai hanya mafi sauƙi. Wani lokaci haƙa rijiya a wani wuri, gauraya ruwa mai zartsi da mai daɗi, tara ruwan sama ko toshe bututun da ke yoyo ya fi sayen na'ura araha da ɗorewa. Ko a Dakar, wani ɓangare na bashin matatar Mamelles an ware shi ne don sabunta tsofaffin bututun birnin da ke zubar da ruwa a ƙasa kafin ya kai gidaje. Ƙungiyar da ke shirin aika kuɗi gida bana za ta iya fara kashe kaɗan daga ciki wajen kai kwalba ɗaya ta ruwan rijiyar ɗakin awo, sannan ta yanke shawarar abin da za ta saya da sauran.